Ɓaunar da Aka Shafe a Zane

Tun da na dawo Malumfashi ban sha fura da daɗi ba. Da na kai ludayi baki sai wani ya tsuguna ya ce, "Alhaji, wai da gaske har ƙarshen duniya ka je?" Tanko maƙeri kaɗai ya tambaye ni ya fi a ƙirga, kuma duk abin da na gaya masa sai ya kai shi kasuwar Kafur ya ƙara masa gishiri, har na ji wai na auri 'yar sarkin ruwa na baro ta da ciki. Shi ya sa na zaunar da Malam Buba da tawadarsa, na ce ya rubuta sau ɗaya. Wanda ya ƙara tambayata zan nuna masa ƙofar Malam.

Hajji na tafi, ba yawon duniya ba. Na kwashe dawata, na bar gona a hannun ƙanena, na bi ayari daga Kano. Muka ratsa Barno lafiya. A mashigar Wadai ne masu tsaron hanya suka zazzage mini jaka, suka ci karo da ƙunshin daddawar da iyalina ta yi mini. Babbansu ya shinshina ya ja da baya, ya ce guba ce na kawo wa sarkinsu. Na rantse kayan miya ne. Ya ce to in ci ya gani. Haka na tsuguna a tsakar rana na tauna daddawa ɗanya curi biyu, ina murmushi kamar nakiya aka ba ni. Suka sallame ni, kuma har muka bar ƙasar babu ɗan ayarin da ya ƙara zama kusa da ni.

Labarin Makka ba zan ba ku ba, kun ji shi a bakin waɗanda suka fi ni ilmi. A Jidda guzurina ya ƙare. Wani dillali ya ce akwai jirgin hayaƙi na Nasara da ke neman majiya ƙarfi masu zuba wa wutarsa gawayi, zai kuwa tsallaka da ni Sawakin, hanyar gida. Na ce wanda ya yi huɗa a laka ta Dayi ba gawayi ne zai kayar da shi ba. Tsallaken kwana uku ne. Da muka kwana goma, kullum rana na fitowa ta hancin jirgi, sai na gane ba Sawakin muka nufa ba. Ban san teku ba, amma na san gabas.

Wanda ya hana ni faɗawa ruwa shi ne mai dafa abincin jirgin, wani gajeren mutum mai yawan dariya, sunansa Isko. Ya daɗe a tekun Larabawa, yana da Larabci gurgu irin nawa, to gurgu biyu suka jingina da juna. Shi ya gaya mini ƙasarsu za mu, wasu tsibirai da Nasaran Isbaniya ke mulki, babban birninsu Manila.

A bakin Manila ma an yi tsaron ƙofa. Wani limamin Nasara mai tumbi ya hango layar wuyana ya tambaya ko mece ce. Isko ya ce maganin haƙori ce. Ashe mutumin na fama da haƙori, nan take ya karɓe ta ya cusa cikin riga. Allah ya sa ta yi masa amfani, ta kunama ce.

Injin jirginmu ya lalace, aka ce gyara sai wata guda. Isko ya ce in zo mu tafi ƙauyensu, gidan wansa Ambo. Muka hau kwalekwale muka bi kogi yini ɗaya.

Gidajensu a kan sanduna suke, da rufin ganye, sai ka hau tsani. In gaya muku gaskiya, wata guda na yi ina kwana a rumbu. Abinci kuwa shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da almuru, da ɗan kifi a gefe, babu tuwo, babu fura, babu wanda ya taɓa jin sunan kuka. Mata su ke riƙe da kasuwa, suna zuƙar taba naɗaɗɗiya mai kaurin rake. Maza kuma kowa rungume da zakara, yana shafa shi yana hura masa hayaƙi, don faɗan zakaru shi ne dambensu. Na ga mutumin da ɗansa ke kuka a ƙasa, shi kuwa zakara ne a ƙirjinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ɓauna ce. Mu nan in an ce ɓauna sai maharba su nemi bishiya. Su can da ita suke noma. Ranar da na fara ganin ta Ambo a gindin gida na haye tsani ban san lokacin da na taka shi ba, matarsa Nena tana dariya har da riƙe ciki. Da safe na bi Ambo fadama na ga yadda yake ɗaura mata garma, ta ja, laka na tsagewa a bayanta. Aikin da gayyar mutum ashirin za ta yini a kai ita kaɗai ta gama shi kafin azahar. Na zauna a bakin gona ina jin haushin duk shekarun da na yi a duƙe. Ita ce kaɗai dabbar aikinsu, kuma duk shinkafar da ke shiga bakin gidan nan a bayanta take fitowa.

Mun iso a mugun lokaci. Garin na da biki duk shekara na wani waliyyinsu, kuma kowace shekara dattawa kan zaɓi mutum guda ya zama uban biki, ya ciyar da gari kaf. Bana Ambo aka zaɓa. Na tambayi Isko ko ba a ƙi.

Ya ce, "Ana ƙi mana, Haji. Sai dai in ka ƙi ka nemi wani garin."

"To yana da abin yi?"

"Aladu uku, da kaji, da shinkafar rumbu. Duk za su tafi. Nena ta yafe su. Ɓaunar kaɗai take roƙon ta kai bayan biki da ranta, don ruwa ya sauka, rabin fadamar ba a kafta ba."

Ban yi musu dariya ba, don na san irinta. Kun tuna Sarkin Noman Maguzawan da ke bayan Dayi, wanda makaɗa suka zuga ya yi bikin dami dubu, ya rabar da dawarsa ana guɗa, damina na tsayawa muka gan shi yana tsinkar tafasa. Mu ma da muke ce musu arna, wa bai taɓa aron riga ranar Salla ba?

Sai dai su suna da wani ƙarin da mu ba mu da shi. Uban biki dole a zana shi, a rataye zanen a ɗakin baƙi kowa ya gani. Aka ɗauko mai zane daga Manila, wani siririn mutum mai tari, na sa masa suna Tsinke. Aikinsa ke nan: yana zana mutane suna hutawa, masu shan iska, masu wasa da zakara, mata a bakin taga, wasu ya sayar wa masu gida, wasu ya sayar wa Nasaran jiragen ruwa su kai ƙasarsu. Na ce wa Isko ya gaya masa malamanmu sun ce duk wanda ya zana mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya hura masa rai. Tsinke ya yi tari ya ce mutanen da yake zanawa ba za su ba shi wahala ba, don tun farko babu su.

Da na ga shirin sai na gane maganarsa. Aka ɗaura wata raga tsakanin bishiyu biyu, irin wadda suke kwanciya a ciki, Ambo ya shige ya lanƙwashe kamar ƙwarya a ragaya. Rigar da ke jikinsa ta surukinsa ce. 'Yan kunnen Nena na matar maƙwabci ne. Kujerar da aka girka mata daga gidan limaminsu aka ɗauko ta. Zakaran da aka ɗora wa Ambo a ciki na mai gari ne, ya ba da aro da sharaɗin kada gashi ɗaya ya faɗi. A cikin abin da za a zana duka, ɓauna ce kaɗai tasu. Nena ta so a bar ta can bayan gari inda ido ba zai faɗa mata ba. Ambo ya ce ina, mutum da ɓaunarsa a zana shi ba ita? Aka jawo ta aka ɗaure a bayan raga.

Ni ma ban tsira ba. Ambo ya ce baƙon da ya zo daga bayan teku bakwai ba kowane gida ke da shi ba, sai an sa ni. Na ƙi, na ƙi, na ga ransa zai ɓaci, na yarda da sharaɗin zan ja amawali in rufe fuska. Ko mala'iku suka zo bincike, ido biyu kaɗai za su samu.

Kwana uku muka yi muna hutawa, ban taɓa shan wuya irin ta hutun nan ba. Ruwa na sauka da dare, gari ya waye maƙwabta na wucewa da garmunansu, Ambo na kwance yana yi musu murmushi. Duk wanda ya wuce sai na ga babban yatsan ƙafarsa na motsi. Tsinke ya daka masa tsawa ya tsaya cik. Ƙafar kuwa duk faso, laka ta zauna a ciki, amma da na leƙa zanen sai na ga an sa mata takalmi mai ado.

Na ce, "Isko, tambaye shi, me zai hana ya zana shi riƙe da garma? Ai nan ya fi kyau."

Tsinke ya ce, "Wa zai rataye wannan? Mutum ba ya kirana don in nuna yadda yake. Yana kirana don in nuna abin da yake so maƙwabta su yarda da shi, su kuma su zo su yaba, alhali kowa ya san rigar waye." Ya ci gaba da dama launi, sa'an nan ya nuna mini da wutsiyar alkalaminsa. "Amma kullum nakan bar abu ɗaya. Dubi nan."

Na duba. Fuskar Ambo a sake, ido a lumshe, hayaƙin taba na tashi. Hannunsa na hagu kuwa ya damƙe igiyar raga, jijiyoyi sun miƙe, kamar wanda ke jan guga daga rijiya mai zurfi. Haka hannun yake a zahiri, ni ne ban lura ba. Na ce a raina zanen aro ba ya rufe katara, ko a Manila.

Ranar biki ta zo. Aka rataye zane, gari ya cika gidan har sandunan na ƙara. Kowa ya shigo sai ya tsaya gabansa ya ce kai, Ambo na jin daɗin duniya. Mai rigar ma ya yaba. Aka zaunar da ni kusa da mai gari, wani mai gashin baki da sanda mai kan azurfa, wanda ba ya magana sai ya tabbata kowa na ji.

Aka fara shigo da abinci, sai na ga na shiga uku. Alade gasasshe, alade dafaffe, kaji da aka murɗe wa wuya aka soya da kitsen alade, shinkafar ma da kitsen aka yi ta. Kifin da nake ci kullum babu shi, don a wurinsu abincin talaka ne, ba a kai shi gaban baƙo ranar biki. Aka tura mini akushi na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ku kun sani, a nan in baƙo ya faɗi haka sau biyu an bar shi, in an watse a aika masa da wani abu ɗaki. Can ba haka ba ne. Wannan ta kawo, wancan ya kawo, ni kuwa ina ta na ƙoshi, cikina na kiran ciroma. Da a ce na buɗe baki na ce a ba ni gayan shinkafa da gishiri, da an wuce wurin. Amma ɗan Malumfashi ya zauna gidan mutane ya faɗi abin da yake so a dafa masa? Uwata ba ta haife ni haka ba.

Da suka dame ni sai na nemi maganar da za ta rufe bakin kowa. Na ce wa Isko ya gaya musu ni ba na cin nama sai wanda na yanka da hannuna. Isko ya dube ni wani iri, amma mai gari ya riga ya tambaye shi me baƙo ya ce. Ya fassara. Baki shi ke yanka wuya.

Mai gari ya gyara zama, ya ɗaga murya. "Ashe baƙon Ambo, wanda ya sa a zane, da yunwa zai kwana a gidan uban biki? To a ba shi abin yankawa mana. Ko gidan babu sauran mai rai?"

Kaji sun ƙare, aladu sun ƙare, zakara na mai gari ne. Na ga idanu na komawa kan zanen ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa a bayan raga. Nena na tsaye da tulu a hannu. Ambo ya yi dariya, irin wadda aka zana masa, ya ce a jawo ɓauna.

Na kama hannun Isko na ce, "Gaya musu wasa nake. Gaya musu shinkafa ta ishe ni, ko ayaba."

Ya ce, "Ba zan faɗa ba, Haji. In na faɗa yanzu, cewa za a yi baƙo ya ji tausayin Yaya don ya ga talaucinsa. Ba zai ƙara shiga kasuwa ba."

Muka sauko tsakar gida, aka miƙo mini wuƙa. Ɓauna na tsaye tana tuƙa, ta saba da ni har tana miƙo hanci. Nan na yi abin da nake roƙon Allah ya yafe mini: na ƙaga fatawa. Na zagaya ta sau uku, na duba haƙoranta, na ɗaga kai sama kamar mai tuna babi, na ce a addininmu dabbar da aka zana surarta ba ta yankuwa, haramun ce muddin surar na nan. Malam Buba, daina kallona, rubuta kawai.

Isko ya fassara da ƙarfi, har da ƙari. Mutane suka fara gyaɗa kai, don ba a musu da addinin baƙo, kuma laifin ya tashi daga kan Ambo ya koma kaina. Na ga Nena ta ajiye tulu ta share fuska da gefen zanenta na ɗaurawa. Na ji kaina ya yi girma, na ce yau Bakatsine ya yi wa gari guda wayo.

Mai gari ya shafa gashin baki ya ce, "Muddin surar na nan, ko? Ina mai zane?"

Aka sauko da zanen aka jingina shi da tsani. Tsinke ya ce launinsa ya bushe. Aka kawo masa ruwa. Ya ce hannunsa na rawa, ya sha giya. Mai gari ya ce ai ganye kawai zai yi. Tsinke ya dubi Ambo, yana jiran kalma ɗaya. Ambo ya ce, "Yi mana, Malam, baƙona na jin yunwa." Mutumin ya tsuguna ya dama kore. Muna tsaye ya fara daga ƙaho, ya bi wuya, ya bi gadon baya, kafin a ce haka babu ɓauna, sai kurmin ayaba mai kyau a bayan raga. Jama'a suka yi ta tafi, wai ya ma fi da kyau.

Ba ni da sauran fatawa. Maza shida suka kayar da ita, na fuskantar da ita alƙibla gwargwadon yadda na iya ganewa, na yi bisimilla. Na yanka raguna da yawa a rayuwata, ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi irin na ranar ba. Aka gasa, aka tula mini a gaba, gari duka na kallon bakina. Na ci. Tauri gare shi kamar tsohon takalmi, naman dabbar da ta yi shekaru tana aiki. Na cinye tas, don in na rage ta mutu a banza. Mai gari ya tashi ya ce shekara da shekaru ba a yi uban biki kamar Ambo ba.

Bayan kwana huɗu aka aiko jirgi ya gyaru. Nena ta ƙulla mini shinkafa a ganye. Ambo kuwa an ce ya fita tun asuba. Na leƙa ɗakin baƙi na ƙarshe, an mayar da kujera da 'yan kunne da riga wurin masu su, zanen kaɗai ya rage a bango.

Kwalekwalenmu cike yake da mutanen gari masu zuwa kasuwar Manila. Inda kogin ya karya kwana yana bi ta gefen fadamar Ambo. Tun daga nesa na hango shi cikin laka har gwiwa, igiyar garma a ƙirjinsa, ya duƙa yana ja, wani tsohon maƙwabcinsa na riƙe masa da ƙota. Taku uku, ya tsaya ya huta, ya ƙara uku. Sai ya ɗago ya ga kwalekwale.

Nan take ya zame igiyar ya yar. Ya haye tudun bakin gona ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya zaro guntun taba daga bayan kunne ya sa a baki, ba ko wuta. Ya ɗaga mana hannu a hankali, kamar wanda ya fito shan iska. Mutanen cikin kwalekwale suka ɗaga masa, wani ya yi kira, "Uban biki, ana hutawa?" Ya amsa da fara'a, ƙirjinsa na hawa da sauka, shatar igiya ja wur a kafaɗarsa.

Na so in yi masa sallama da babbar murya, in roƙi gafara ko da ba zai ji harshena ba. Sai na lura muddin muna kallonsa ba zai tashi ba, rana kuwa na ɗagawa, rabin fadama na jiransa. Na karɓi sandar tuƙi daga hannun mai kwalekwale, na ce wa Isko ya kama ɗayar, muka tura da iyakar ƙarfinmu har muka sha kwana.